Ɓarauniyar Ƙofa Cikin Kwamfuta: Korar Ɓarawo Ba Ta Isa Ba

Ya ku malamai da fatake, ina so mu yi nazari bisa wata musiba ta zamani wadda ke shiga kwamfuta. Masana suna kiranta ƙofar baya, ni kuwa na ce ɓarauniyar ƙofa. Watau wata 'yar manhaja ce da a ke cusa wa kwamfutarka a ɓoye, ta buɗe wa wani mutum na nesa hanya, ya riƙa shiga ba sallama. Yana iya karanta wasiƙunka, ya ga lissafin cinikinka, ya kwafe kalmar sirrin banki sa'ad da ka ke buga ta, kai kuwa ba ka da labari.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1998 waɗansu samari a Amurka suka fito da irinta mai suna Back Orifice. Amma labarin da ya fi dacewa mu ɗauki darasi cikinsa shi ne na 2017. Akwai wata manhaja, CCleaner, wadda aikinta share tarkace daga kwamfuta. Ɓarayi suka kutsa wurin masu yin ta, suka dasa ɓarauniyar ƙofa cikinta tun ba a raba ta ga jama'a ba. Kwamfuta fiye da miliyan 2 suka karɓe ta da hatimin kamfanin, ba wanda ya yi shakka. Ashe tsintsiyar ce ta shigo da ƙazantar. Sa'an nan ɓarayin suka zaɓi kwamfuta wajen 40 na manyan kamfanoni, suka aika musu da wata manhajar ta biyu ta wannan ƙofa. Shi ya sa masu bincike na kamfanin Cisco suka ba da shawara kada a tsaya ga cire ta fari, a goge kwamfutar a sake ta.

To, nan ne maganar ta ke. Wanda ya kori ɓarawo daga shago bai canza kwado ba, ya kashe maciji bai sare kansa ba, domin mai yiwuwa an riga an yanka makulli.

Galibi kuwa mu ne ke buɗe mata da hannunmu, da ɗan gari a kan ci gari. Wani ya kai kwamfuta kasuwa a zuba masa manhajar sata don arha. Wani ya ari filashi. Wani a aiko masa da wasiƙa wai takardar kuɗin kaya ce, ya buɗe ba bincike. Alamominta su ne nauyin kwamfuta, da ƙarewar data ba dalili, da mutuwar manhajar tsaro da kanta. Amma a sani, wadda aka ƙera da gwaninta ba ta nuna alama ko kaɗan.

Kadan ka yi zato, ga abin yi. Da fari yanke ta daga intanet nan take. Na biyu, ka sami wata na'ura mai tsabta ka canza kalmomin sirri duka, ka fara da na imel da na banki, ka kuma sanar da bankin. Kada ka canza su a kan mai cutar, gama yana kallo. Na uku, kwashe takardu da hotuna kaɗai, ban da manhajoji. Na huɗu, a bincike ta da Microsoft Defender, wanda ke da binciken da ya ke yi tun Windows bai tashi ba. In an sami cutar, mafi aminci a goge kome a sake zuba Windows na asali.

Har wa yau, masu Windows 10 su lura: ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafinsa na yau da kullum. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malam, littattafan da ka yi shekaru kana bugawa, ajiye kwafinsu wani wuri dabam. Alhaji, kuɗin mutane da ke hannunka amana ne, kada ƙyashin ladan gyara ya jawo maka asarar jari da mutunci.

Allah ya tsare mu. Wassalam.