Guzurin Zamani: Takarda Kafin Dambun Nama

Wanda ya fita ta Ƙofar Sauri a birnin Katsina ya miƙe hanyar Kaita, ba da jimawa ba zai tsinci kansa a Ɗankama, bakin iyakar Nijar. Ga mutanen wannan unguwa, ƙasar waje ba wata nisan duniya ba ce. Wani gwaggonsa na aure a Maraɗi, wani ɗansa na karatu a Alƙahira, wani kuma duk azumi sai ya leƙa Umara. Katsinawa dama tsofaffin matafiya ne. Fatakensu sun ci kasuwar goro har Gwanja, kuma a 1921 Sarki Muhammadu Dikko ya bi ta Ingila a tafiyarsa ta aikin Hajji.

Sai dai sabo yakan haifi sakaci. Har yau, idan aka ce Alhaji zai yi tafiya, abin da gida ke ɗauka shi ne shiri bai wuce ɗinkin sababbin kaya, suyar dambun nama da zagayen sallama ba. Maganar takardu kuwa sai a ce ai tana hannun mai biza. A nan ne gizo ke saƙar. Wakili na iya sayen tikiti ya kama masauki, amma ranar da jami'in shige da fice ya ɗaga fasfo yana tambaya, wakilin na Katsina yana shan shayinsa. Akwai shirin da ba a wakilci a cikinsa, kuma shi aka fi bari sai daren tafiya.

A fara da fasfo. Tun 1 ga Satumba, 2025, mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira dubu 100, mai shafi 64 na shekara goma kuma dubu 200. Ba a yin sa sai da lambar katin ɗan ƙasa, kuma dole suna da ranar haihuwa su zo daidai a wuraren biyu. Wanda yake Muhammad a kati, Mohammed a banki, Mamman a takardar makaranta, ya san yana da sauran zirga-zirga, kuma gyaran ba na kwana ɗaya ba ne. Ƙasashe da yawa, har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suna son ya kasance saura wa fasfo aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Mutum na iya riƙe da biza mai kyau, kamfanin jirgi ya hana shi shiga saboda wannan kaɗai.

Sai katin rigakafi, wanda shi ne aka fi yi wa wasa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu kan sayi katin nan mai ruwan ɗorawa ba tare da allura ta taɓa damtsensu ba. Wannan cutar kai ce. Allurar shawara sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, amma shaidarta ba ta fara aiki sai bayan kwana 10. Mai zuwa Hajji ko Umara kuma ana bukatar ya yi ta sanƙarau. Bakatsine bai kamata a tsaya yi masa bayanin sanƙarau ba. Ya san abin da take yi a watannin zafi.

Babban haɗarin dai yana cikin jaka, kuma kunya ce ke buɗe masa ƙofa. Da an ji mutum zai tashi, sai saƙonni su fara shigowa: ƙullin yaji ga wata 'yar uwa a Jidda, kwalin magani ga wani ɗalibi, leda a naɗe da salatif wadda ko mai kawo ta bai san cikinta ba. A al'adarmu, a ce wa dattijo "Baba, sai na buɗe na gani" kamar rashin ɗa'a ne. Amma a Saudiyya safarar miyagun ƙwayoyi na iya kai mutum ga hukuncin kisa, kuma alƙali ba ya karɓar hujjar cewa maƙwabci ne ya bayar. Maganin da ake saye a kemis a nan ba tare da an tambayi komai ba na iya zama laifi a can. A 2017 kotun Masar ta yanke wa wata 'yar yawon buɗe ido daga Ingila hukuncin ɗaurin shekara uku saboda ƙwayoyin Tramadol da ta shiga da su. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tafi da maganinsa a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Hatta goro, abokin hirar tsofaffinmu, Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta sha gargaɗin maniyyata kada su ɗauke shi.

Wani lokaci ma ba sai an karɓi saƙon kowa ba. Labarin Zainab Aliyu, ɗalibar Jami'ar Maitama Sule ta Kano, ya isa darasi. Ta tafi Umara da mahaifiyarta da 'yar uwarta a Disamban 2018, aka kama ta a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da Tramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano ba da saninta ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan binciken hukumar NDLEA ya gano masu hannu a ciki. Wata huɗu na rayuwar yarinya ya tafi a kan takardar da ba ta kai tafin hannu ba. Abin yi ba shi da wuya: mutum ya tsaya da ƙafarsa a wurin awon kaya, ya ƙirga jakunkunansa, ya ƙirga 'yan takardun shaidar da aka manna masa, ya ɗauki hotonsu a waya. Jaka biyu, shaida biyu. Idan ya ga uku, kada ya gusa daga wurin.

Akwai kuma masu cewa kowace biza biza ce, in dai an shiga ƙasa shi ke nan. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 50 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin aikin Hajji. Ba su da tanti mai sanyi a Mina, ba su da motar ɗauka. Dillalin da ya ce a shiga da bizar ziyara a laɓe har Arafa, rai yake cinikin sa a farashi mai rahusa.

Ko tafiyar kusa ta daina zama ta "bari in je in dawo". Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, an rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Mai bin Jibiya zuwa Ɗan Isa da Maraɗi ya daina dogaro da cewa ai jami'an sun san fuskarsa; ya riƙe takardar shaida, ya tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar, ya canza sefarsa tun daga gida.

Kuɗi ma haka. Kada a tara su wuri guda, kada a jingina da katin banki na naira kaɗai, domin yakan ƙi aiki a waje. Abin da ya haura dala dubu 10 doka ta ce a bayyana wa jami'an kwastan. Ɗaliban da yaƙin Sudan ya rutsa da su a Afrilun 2023, suka kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar, sun san darajar 'yan kuɗi a aljihu, da hoton fasfo a waya, da lambar ofishin jakadancin Najeriya a rubuce a takarda.

Maniyyatan da ke bin hukumar jin daɗin alhazai ta jiha suna samun bita kafin su tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua. Masu Umara, 'yan kasuwar Dubai da Guangzhou, masu neman magani a Indiya da Masar, da matasan da suka fara fita yawon buɗe ido, yawancinsu ba mai zaunar da su. Ya kamata kamfanonin shirya tafiya na Katsina su mayar da bitar dole kafin su miƙa wa kowa tikiti, limaman Ƙofar Sauri kuma su faɗa a kan mumbari kafin azumi ya kama cewa buɗe saƙo a gaban mai shi ba raini ba ne.