Kyandir ɗaya ya isa a koyar da darasin tsibiran Hawai

Yaranmu na koleji kan haddace cewa ɓawon duniya a tsattsage yake, kuma manyan farantansa suna motsi. Su zuba a takardar jarrabawa, su manta kafin damina. A ganina matsalar tana ga yadda muke ba su darasin, ba ga ƙwaƙwalwarsu ba.

Ku dubi tsibiran Hawai a tsakiyar tekun Fasifik. A jere suke kamar raƙuman ayari. A 1963 masanin Kanada Tuzo Wilson ya kawo bayani: can ƙarƙashin ƙasa akwai wani murhu da kusan ba ya gusawa, yana turo narkakken dutse sama. Farantin Fasifik kuwa yana wucewa a kansa zuwa arewa maso yamma, santimita 7 zuwa 10 a shekara. Duk wurin da ya hau murhun sai dutse mai aman wuta ya tsiro, ya zama tsibiri. Idan ya gota, wutarsa ta mutu, wani ya fito a bayansa. Shi ya sa Kawai ya kai shekara miliyan 5, alhali babban tsibirin, inda Kilawiya ke aman wuta har yanzu, bai cika miliyan 1 ba.

Wani malami zai ce babu kayan aiki. Gaskiya ne, amma wannan darasi kyandir da kwali kawai yake bukata. Malam ya kunna kyandir, ya ja kwali a hankali a samansa yana ɗan tsayawa. Tabon ƙuna zai jeru, mafi tsufa shi ne mafi nisa daga wutar. Sai ya tambayi yara: ina kwalin ya nufa? Gani ya kori ji.

Iyaye kuma kada ku ce ina ruwanmu da teku. Tsofaffin duwatsun wuta na Abzin sun girmi na Damagaram da Muniyo, su kuma sun girmi na Jos. Masana na ta muhawara kan ko murhu irin na Hawai ne ya jera su haka. Yaron da ya iya tambayar shekarun dutse shi ne gobe zai karanta mana ƙasar Arlit da ta Agadem. In ba mu koya masa ba, baƙo ne zai ci gaba da gaya mana abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, kuma shi zai yanka masa farashi.