Gida da Iyali: Tsiron Akwatin Kifi, Kaɗan Ya Ishe Shi

  

A wannan fitowa za mu duba akwatin gilashin nan da ake zuba wa ruwa a saka ƙananan kifaye da tsirrai, wanda ake kira akwariyom. Yara suna sonsa ƙwarai, sai dai sau da yawa ba a jimawa ruwan ya yi kore, ganye ya ruɓe, kifi ya mutu. Wannan ba abin wasa ba ne, domin dabbar da muka tsare amana ce a wuyanmu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har yunwa ta kashe ta. A akwatin kifi kuwa, abin da ya fi kisa shi ne wuce gona da iri: yawan abinci, yawan taki, yawan haske.

Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda guba ce. Wasu halittu da ido ba ya gani, masu zama jikin tsakuwa, suna juya ta zuwa nitirat, tsiro kuma ya sha. Ke nan kifi na ba tsiro taki, tsiro na tsabtace wa kifi ruwa. Aikinmu shi ne kada mu ɓata wannan ma'auni.

Mu zaɓi tsiro mai haƙuri. Anubiyas, wanda asalinsa rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da Kamaru, ba ya bukatar haske mai yawa. A ɗaure shi da zare jikin dutse ko itace, kada a binne kaurin jijiyarsa, domin ruɓewa zai yi. Bado ta saiwa yake ci, shi ake tura wa ƙwayar taki ƙarƙashin yashi. Kainuwa kuwa, dashen Allah, tana yawo bisa ruwa tana zuƙe datti, amma a riƙa rage ta, kada ta rufe fiye da kashi 1 cikin 3 na saman ruwan.

Game da taki, ganye ne zai gaya mana. Idan sabon ganye ya fito fari-fari, sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci; idan tsohon ganye ya yi ƙananan huji, fotasiyom ne. A nan sai a ɗiga takin ruwa da aka yi musamman domin akwatin kifi, rabin abin da aka rubuta jikin kwalba, sau 1 a mako. Muna jan kunne: kada a zuba takin zamani na gona, musamman yuriya, domin amoniya take komawa ta hallaka kifi.

Fitila ta yi awa 6 zuwa 8 a yini, a kuma nisanta akwatin daga taga. Rana tana kawo gansakuka, tana kuma dafa ruwan a lokacin bazara, alhali yawancin waɗannan kifaye sun fi son digiri 24 zuwa 28. A ba su abin da za su cinye cikin minti 2. Duk mako a sauya kashi 1 cikin 4 na ruwan da ruwan famfo da ya kwana a buɗaɗɗen bokiti, domin kulorin ya fita. Wannan aiki ne da ya dace a danƙa wa yara, su koyi riƙon amana tun da ƙuruciya.

Daga ƙarshe, tsiron da muka rage a shanya shi ya bushe, kada a jefa a kogi ko tabki. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ke damun masunta a kogin Kwara wajen Yamai, asalinta Kudancin Amurka ne, kuma a matsayin abin ado ta bazu a duniya.

Allah ya sa mu cikin masu tausayin halittunsa, amin. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.