Wai Tsintuwa Ba Sata Ba Ce?

A makarantar nan, in kalkuleta ta faɗi a bayan aji, kafin a tashi an kankare sunan mai ita da reza. Ka yi magana, a ce maka tsintuwa ba sata ba ce. Mu dai ba mu yarda ba. Wanda ya kankare suna ai ya san kaya da mai shi.

A darasin addini an koya mana cewa tsintuwa mai daraja shekara guda ake cigiyarta, kuma sai mai nema ya faɗi alamarta a ba shi. Mu ko kwana ba za mu yi ba: mu miƙa wa malamin duti, gobe a sanar a asambuli. Ga NECO ta matso, kuma wani ma aro ya yi.