Tsohon Kare Ma Yana da Haƙƙi

A karkarar Gure kare ma'aikaci ne, shi ke kwana bakin garke yana korar dila daga awaki. Amma da ya tsufa, ciwon daji ya ci ƙarfinsa, sai a bar shi ga jifan yara. Wannan butulci ne. Ban ce gidan da hatsi bai isa ba ya kai shi Damagaram neman magani. A ba shi inuwa dai, da ruwa a kasko, da kunu tunda haƙora sun zube, a riƙa wanke gyambonsa saboda ƙuda. Kada a ji ƙyamar taɓa shi, domin Malikiyyar da muke bi ba ta ɗauki kare mai rai najasa ba. In azaba ta tsananta, a nemi shawarar likitan dabbobi.