FILIN UWARGIDA: Buɗe Ajin Motsa Jiki A Tsakar Gida



Wata 'yar'uwa daga Burkusuma ta ƙasar Sabon Birni ta aiko mini da takarda. Ta ce ta koyi motsa jikin nan da ake kira Filatis lokacin da take karatu a Sakkwato, to yanzu matan unguwa sun dame ta da kukan ciwon baya da kwankwaso, shin ta buɗe aji ko kuwa? Amsata ita ce ki buɗe, ƙanwata, amma da sharaɗi, domin jikin mutane za a damƙa miki, ba ƙullun ƙosai ba.

Da farko ki san asalin abin. Wani Bajamushe ne, Joseph Pilates, wanda aka haifa a 1883, ya tsara shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko Turawan Ingila suka tsare shi a tsibirin Man tare da sauran Jamusawa, a can ya riƙa koya wa 'yan'uwansa tsararru motsa jiki a ƙasa. Daga baya ya koma Amurka, shi da matarsa Clara suka buɗe wurin koyarwa a birnin Niyok. A 1945 ya fitar da littafi mai ɗauke da motsi 34 waɗanda duk a kan shimfiɗa ake yin su, ya rasu a 1967. Kin ga ke nan tun asali abin na wanda ba ya iya fita ne. Mu kuwa a Gobir, tun ma kafin harin da aka kai wa sansanin jami'an tsaro na Burkusuma a 2021, mata da yawa sun rage zuwa gona da kasuwa. Tabarma da inuwa sun ishe ki jari.

Za ki ji wata ta ce, "Malama, mi za mu yi da wanga abu, mu da ke daka da surfe kullum?" Kada ki yi mata musu. Ki ce da ita daka na ƙarfafa dantse, amma goyo da jarka da sunkuyon wanki su ke cin baya, shi kuwa Filatis naman ciki da na mara da na ƙugu yake ƙarfafawa, waɗanda su ne ginshiƙin da ke riƙe bayan.

Sharaɗi na farko: ki tambaya kafin ki koyar. Ki keɓe da kowace ki ji ko tana da juna biyu, ko yaushe ta haihu, ko tiyata aka yi mata, ko tana da hawan jini. Mai ciki in ya kai wata 4 kada ta daɗe kwance rigingine. Mai jego ta bari sai ta yi arba'in, wadda aka yi wa tiyata kuwa sai likita ya amince. Sannan ki kwantar da ita, ta ɗaga kai kaɗan, ki sa yatsu a saman cibiya. In kin ji rami ya fi faɗin yatsa 2, naman cikinta bai gama haɗewa ba, to ban da duk motsin da ke sa ciki ya tsiro gaba.

Na biyu: ki san iyakarki, ke malama ce ba likita ba. Ɗigon fitsari lokacin tari ko dariya yakan yi sauƙi da matse naman mara da sakinsa. Amma wadda fitsari ke bi mata ƙafa dare da rana tun bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, aiki yake bukata, kuma ana yinsa a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha da ke Sakkwato. Haka mai jegon da ke haki, ƙafafu sun kumbura, wataƙila zuciya ce, musamman in ta yawaita kunun kanwa. Wallahi kada ki ce ta hau tabarma, asibiti za ta nufa.

Na uku: hannu baka hannu ƙwarya ba koyarwa ba ce, a hankali ake yi. Mata 6 zuwa 8 sun isa a zama ɗaya, don idonki ya kai ga kowa. Ki fara da numfashi: a shaƙa ta hanci har haƙarƙari ya buɗe, a fitar ta baki ana jan cibiya ciki. Sai motsin gada, wato a kwanta, a tanƙwara gwiwa, a ɗaga ƙugu sannu a hankali. Sai miƙewar kyanwa a kan hannu da gwiwa. Sau 5 mai kyau ya fi sau 30 na gaggawa. Ki yi magana da abin da suka sani, misali "ja cikinki kamar za ki ɗaura zani". Kuma kada ki taɓa jikin mace sai kin nemi izini. Minti 40, sau 2 a mako, ya yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 cewa a ƙarfafa naman jiki aƙalla kwana 2 a mako.

Na huɗu: sutura da amana. Ki nemi yardar maigidanki, ki sanar da mai unguwa, kowace ma ta zo da izinin mijinta. Gida mai katanga, a rufe ƙofar zaure, dogon wando ƙarƙashin riga, waya kuwa a jaka, ba hoto. Ki sa aji da hantsi ko bayan la'asar, a watse tun kafin magariba, kuma ran da gari ya yi zafi a fasa, rai ya fi kuɗi. Abin da mace ta faɗa miki na jikinta ya mutu a cikinki. Ranar da sirrin uwargida ya kai kunnen kishiya, ranar ajinki ya rushe.

Na biyar: kuɗi. Ki yanka na wata, a biya a farkonsa, ki rubuta a littafi, kada ki haɗa shi da kuɗin cefane. Wadda ba ta da kuɗi ta kawo mudun gero. Ki bar gurbi 1 kyauta don 'yar gudun hijira, Allah ba zai bar ki haka ba. Kuma don Allah kada ki yi alkawarin narkar da tumbi cikin mako 2 ko mallake miji. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ki ce baya zai yi sauƙi, tsayuwa ta miƙe, in an dage.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba abincin mai jego. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Allah Ya zaunar mana da ƙasar Gobir lafiya, amin.

Taku har kullum.