Shin haske zai iya faɗin ranar da magani zai lalace?

Tun shekarar 1979 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta wajabta wa kamfanoni rubuta ranar ƙarewar wa'adi a jikin magani. Sai dai wannan rana iyakar lokacin da kamfani ya gwada ce, kuma ya yarda ya ɗauki alhakinsa.

Bisa al'ada, akan ajiye samfurin magani tsawon wata shida a ɗaki mai zafin digiri 40 da laimar kashi 75 cikin ɗari, ana auna yadda sinadarinsa ke raguwa. Daga nan sai masana ƙididdiga su yi hasashen tsawon lokacin da zai kai a kanti.

Hasashen kan yi taka-tsantsan fiye da kima. Wani shiri da ma'aikatar tsaron Amurka ta fara tare da FDA a 1986 ya nuna haka: sakamakon da aka wallafa a 2006 a kan magunguna iri 122 ya gano cewa kashi 88 cikin ɗari na rukunonin da aka gwada sun cancanci ƙarin wa'adi na aƙalla shekara guda. To amma waɗannan magunguna ne da aka adana a ma'ajiyar soja mai kyakkyawan yanayi.

A nan ne fasahar auna haske ta shigo. Ana haska magani, ko da yana cikin ledarsa, na'ura ta karanta yadda ya sha hasken ko ya warwatsa shi, sannan kwamfuta ta kwatanta sakamakon da na samfuran da aka san shekarunsu. Ta haka ana iya gano ƙaruwar danshi ko sauyin sinadari ba tare da an fasa ƙwayar ba.

Hukumar NAFDAC a Najeriya ta yi amfani da na'urar hannu ta TruScan a zamanin shugabancin Paul Orhii, amma don farautar jabun magunguna. Kimanta wa'adi ya fi wannan wuya, domin lissafin da aka gina a kan samfuran ƙasashe masu sanyi ba lallai ne ya dace da kemis ɗin Sakkwato ko Maiduguri ba, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu.

Matsalar ta fi tsanani ga magunguna irin su allurar oxytocin, wadda ake yi wa mata don tsayar da jini bayan haihuwa. Ana son a ajiye ta a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma idan wutar lantarki ta daɗe a ɗauke, ƙarfinta na iya raguwa alhali ranar da ke jikin kwalbar ba ta zo ba.